Kibwana Mai Hoto da Firizar Pereira

Duk wanda ya tashi a Ngamiani, cikin birnin Tanga, ya san Mzee Kibwana Mwinyihija, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne siririn dattijon nan mai shagon hoto a Titi na Tara, wanda maganin wanke hoto ya rine masa farata suka koma ruwan goro. Rabin hotunan auren da ke ƙasan akwatunan iyayenmu daga hannunsa suka fito. Ba shi da yawan magana, ko majalisar masu gahawa ba ya zama sai an ja shi. Amma in kana so ka ji bakinsa har la'asar, to ka tambaye shi labarin fim.

Ba gadon sana'ar ya yi ba. Gadi yake yi a tashar jiragen ruwa har ya kusa shekara talatin, sai wani ma'aikacin jirgi ya ga akun da yake kiwo, ya nace, suka yi musaya: shi ya tafi da aku, Kibwana ya koma gida da kyamara. Bai daɗe da buɗe shago ba aka shiga shekarun ƙamfa, lokacin da sabulu ma sai an bi layi. Fim ya ɓace a gari ƙaf. Wata tara Kibwana yana buɗe shago da safe, ya yi shara, ya goge kyamara, ya zauna. Amarya ta zo da lallenta ɗanye, ya ce mata babu. Watannin nan tara ba su taɓa fita daga jikinsa ba. Da kaya suka dawo, in ya sayi fim goma, biyu zai taɓa, takwas ya ɓoye a firiji.

Matarsa ta rasu ba su haihu ba, sai yayarsa, Bi Mwanakombo, wadda ita ma mijinta ya rasu, ta dawo gidan ta riƙe masa tukunya. Faɗansu ɗaya ne kullum.

"Kibwana! Zo ka nuna mini inda zan sa kifin nan. Firiji ne wannan ko kanti?"

"Yaya, zafi yana kashe fim."

"Kifi kuma zafi raya shi yake yi ko? Bari dai yunwa ta zo, in soya maka fim ɗin da man kwakwa, ka ci ka ƙoshi."

Da wayoyin hannu suka fara ɗaukar hoto, sai abin da yake tsoro ya sake tunkaro shi, wannan karon a hankali. Kantunan Tanga suka daina ajiye fim. Ya koma hawa mota zuwa Mombasa, tsallaken iyaka, duk bayan wata uku, musamman don fim baƙi-da-fari, wanda yake iya wankewa da hannunsa. Zuwansa na ƙarshe, mai kantin ya miƙo masa guda shida, ya ce, "Mzee, ƙarshensu ke nan. Ka sayi kyamara ta zamani kamar kowa mana." Duk hanya yana rungume da ledar a cinya, bai ko sauka ya sha shayi a kan iyaka ba.

Ana cikin haka, wata Talata a shekarar 2010, mai sayar da mandazi, irin fanken can, ta kawo masa saƙo cewa Bi Filomena tana nemansa. Ita ce matar marigayi Anselmo Pereira, ɗan asalin yankin Goa, can tsallaken teku, wanda ya fi kowa iya hoto a Tanga a zamaninsa. Shekara ashirin da uku ke nan da rasuwarsa, shagonsa na kusa da babbar kasuwa a rufe, ita kuma tana zaune ita kaɗai a saman benen.

Kibwana ya je da rana tsaka, amma yana hawa matakala sai ya ga kamar magariba ta yi. Tagogi duk a rufe, gidan yana warin kyandir da tsohon katako. Tun daga ƙasa yake jin wani gurnani mara yankewa, bai gane ko na mene ne ba. Tsohuwar ta buɗe masa, 'yar ƙarama, kanta fari fat. Ya rusuna ya gaishe ta.

"'Yata ta matsa sai na koma wurinta a Kanada," in ji ta. "An ce kai kaɗai ka rage mai ɗakin duhu na wanke hoto. Biyo ni."

Ba kicin ta kai shi ba, ɗakin barcinta ta kai shi. A ƙafar gado ga wata doguwar firiza, an lulluɓe ta da farin mayafi mai ado, an ɗora gicciye a kai. Ita ce ke gurnanin.

"Tun ranar da ya mutu ba ta taɓa yin ɗumi ba," ta ce. "In aka ɗauke wuta, da ƙafata nake zuwa kasuwar kifi in sayo ƙanƙara. Buɗe. Ni ba na buɗewa sai zan zuba ƙanƙara, shi ma ba na kallo."

Ya ɗaga murfin, hayaƙin sanyi ya bugi fuskarsa. Gwangwanayen biskit ne jere, ya buɗe ɗaya: fim baƙi-da-fari cike maƙil, kowanne da ɗan harshensa a waje, alamar ba a taɓa shi ba. Ya buɗe na biyu, haka. Da ido kawai ya san sun haura ɗari huɗu. Tsuntsu daga sama gasasshe.

"Mama, ƙarfina ba zai kai wannan ba."

"Wa ya yi maka maganar ƙarfi? Sharaɗina biyu. Ka kwashe duka har da firizar. Kuma kada ka dawo mini da ko guda ɗaya."

"Me ya sa, Mama?"

Ta gyara mayafin da ya zame. "Anselmo ya ce kada a bari su ji ɗumi. Barci suke yi."

Kibwana ya yi murmushi, don shi ma haka yake cewa: fim a cikin sanyi barci yake. Ita ba ta yi murmushi ba.

Da amalanke aka kawo firizar. Bi Mwanakombo ta fito tana goge hannu, ta dubi dogon farin akwatin, ta ce, "Makara ka sayo mana? Wallahi ba a gidan nan ba." Dole ya kai ta bayan shago, kusa da ɗakin duhu. Washegari ya gwada fim ɗaya, ya ɗauki titi da masu keke, ya wanke. Tsaf, kamar jiya aka yi shi. Ranar har waƙa aka ji yana yi.

Aikinsa na farko da su bikin 'yar Mwalimu Shee ne, wani malamin makaranta a unguwar Chumbageni mai son baƙi-da-fari. Fim uku ya cinye. Da hantsi washegari ya shiga ɗakin duhu ya rufe ƙofa. Biyu suka fito lafiya. Na ukun da ya ɗaga shi ya ga kamar akwai dishi-dishi, amma ya ce bari ya buga a takarda ya gani.

Ya tsoma takardar cikin farantin magani a ƙarƙashin jar fitila, yana girgiza shi a hankali yadda ya saba. Fuskar amarya ta fara fitowa, sai furannin kanta, sai ƙawaye. Sannan a bayan kafaɗarta wani abu kamar hayaƙi ya taso. Hayaƙin ya yi goshi. Ya yi idanu.

Mace ce zaune a kujera, a tsakiyar masu rawa, inda Kibwana ya san babu kujera jiya. Ta rame kamar tsinke, ta sha kwalli, an ɗaura mata zane irin na da. Ana ganin 'yan biki ta cikin jikinta. Kai tsaye take kallonsa. A kan kafaɗunta biyu ga hannaye, dama da hagu, sun riƙe ta gam, amma mai hannayen ba a ganinsa.

Ya buga na gaba. Wani tsoho ne da hula da kwat da ta yi masa yawa, bakinsa a ɗan buɗe, zaune a kan tiren shinkafa. Na gaba, wata budurwa an tokare ta da matasai. Mutum goma sha ɗaya ya ƙirga a fim ɗin. Babu na tsaye a cikinsu, babu mai murmushi, kuma kowanne da hannayen da suka riƙe shi.

Kansa ya san dalili tun a hoton farko. Pereira ya riga ya yi aiki da fim ɗin, ya naɗe shi ya bar harshen a waje, shi kuma ya zo ya ɗora biki a kai. Hoto ne ya hau hoto, ba yau aka fara ba. Amma sanin dalili bai hana tsigar jikinsa tashi ba. Ta bayan bango firizar tana ta gurnani. Ya buɗe ƙofa ya fito bakin titi, ya tsaya cikin rana yana sauraron mai tallar rogo har numfashinsa ya daidaita.

Shi ba mai ɓoye laifinsa ba ne. Bayan la'asar ya ɗauki hotunan duka ya tafi Chumbageni ya ba da haƙuri. Mwalimu Shee ya fara ɓata rai, sai mahaifiyarsa, Bi Mishi, kakar amarya, ta miƙo hannu daga kan tabarma.

"Ba ni in ga abin da ya lalace ɗin."

Ta kai hoton kusa da ido, ta daɗe.

"Mwanajuma ce," ta ce. "Ƙanwata. Zanen nan ni na ɗaura mata." Ta ɗora yatsa a kan kafaɗar matar. "Waɗannan kuma hannayena ne. Ga zobena. A bayan labule na durƙusa na riƙe ta, don ba ta iya zama da kanta. Kwana biyu bayan nan muka binne ta."

"Iya, kuskure ne na aiki," in ji Kibwana. "Tsohon fim ne..."

"Sau uku muka koma wurin ɗan Goan, yana cewa ba magani, ba magani, har muka haƙura. Ashe bikin jikata take jira." Ta dube shi. "Kai kira shi kuskure. Wannan dai ba ya fita daga gidan nan."

Kafin Juma'a labari ya gama Ngamiani, ya tsallaka unguwar Makorora. Aka ce Mzee Kibwana ya samo fim mai fito da matattu. Shagon da ke wuni ba kowa ya cika. Wata ta zo da kayan sallarta ta ce a ɗauke ta, ko mijinta zai fito a gefenta. Wani direban babbar mota ya zauna a benci ya rantse ba zai tashi ba sai an ɗauke shi da fim ɗin Pereira, don bai san fuskar uwarsa ba. Kibwana ya yi bayani har muryarsa ta dushe, kamar yana zuba ruwa a kwando.

"Barka da aiki, boka," in ji Bi Mwanakombo da ta kawo masa abinci. "Yaushe za ka fara karɓar baƙin zakara?"

"Yaya, don Allah."

"To ni dai na gaya maka makara ce. Je ka tambayi mai ita wa da wa ke ciki."

Ya tarar da Bi Filomena cikin akwatuna, saura kwana uku ta tashi. Gidan ya yi shiru ƙwarai da babu gurnanin, ta ce tun da aka ɗauke firizar ba ta samun barci sosai. Bai nuna mata hoto ba, ita ma ba ta nema ba.

"Ka tashe su ke nan," ta ce.

Sannan ta ba shi labari. A shekarun ƙamfa Pereira yana da fim, don shi ma mai ɓoyo ne, maganin wankewa ne ya yanke masa. Biki da suna ya daina zuwa. Amma in aka zo aka ce wane yana kwance, jiki ya yi tsanani, ba shi da hoto ko ɗaya, ba ya iya cewa a'a. Sai ya ɗauki kyamara ya bi su, gida ko asibiti. A yi wa mara lafiya wanka, a sa masa kayansa mafi kyau, wani ya ɓuya a baya ya riƙe shi. Ya ɗauka, ya ce in magani ya zo za a wanke. Shekara huɗu yana wannan. Har ta kai in mutane suka hango shi da kyamara a wuya sai su canza hanya, ana cewa duk wanda ya ɗauka ba ya kai mako.

"Da maganin ya dawo fa, Mama?"

"Ya jera komai, ya shiga ɗakin duhu, ya fito ko minti biyar bai yi ba. Ya ce, 'Filo, ba zan iya tsayawa ni kaɗai da su a cikin duhu ba, suna fitowa ɗaya bayan ɗaya.' Sai ya juye su cikin sababbin, ya cuɗa da hannu biyu kamar mai cuɗa shinkafa da wake, don kada shi kansa ya gane wanne ne wanne."

"Babu wata alama? Ko ɗan ƙarce?"

"Babu. Da gangan ya yi."

Kibwana ya koma shago ya zauna gaban firizar. Lissafin a fili yake, ba ya buƙatar takarda. Kowane fim a ciki, ko sabo ne ko yana ɗauke da mutane, kuma ba yadda za a sani sai an wanke. In ya sa a kyamara, wataƙila ya tattake fuskar wani da rawar biki. In ya wanke ba tare da ya ɗauki komai ba, wataƙila sabo ne dal, ya kashe shi a banza, a lokacin da babu wani a Tanga ko Mombasa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana ɓoye takwas cikin goma, ga shi da abin da zai ishe shi aiki har ya mutu, an ce ya zuba shi a magani da hannunsa.

Kwana tara bai taɓa firizar ba. Ya rame, ya daina cin abinci sosai. A rana ta goma direban nan ya sake zuwa, ya zauna a benci yana juya hularsa. Kibwana ya dube shi, ya tambayi sunan uwarsa da shekarar da ta rasu. Shekarar ta faɗa cikin huɗun nan.

"Ba zan ɗauke ka ba," ya ce masa. "In tana ciki, gara ta fito ita kaɗai, ba kai a kanta ba. Ka riƙa leƙowa."

Daga ranar ya kafa wa kansa ƙa'ida: fim ɗaya kowace safiya, bayan ya sha shayi, rana ta fito sosai. Fiye da ɗaya ba ya iyawa. Sau da yawa yakan ɗaga fim ɗin ya gan shi garau kamar ruwa, ba kowa, sabo ne ya salwanta. Irin wannan ranar ba a yi masa magana. Wata rana kuma sai su fito, a jere, zaune, da hannaye a kafaɗa. Ya koyi yi musu sallama in fuska ta fara tasowa a faranti, ya ce hakan yana rage masa nauyin ƙirji. Ya buga su ya manna a allo a bakin shago, duk wanda ya gane nasa ya cire ya tafi da shi.

Bakin shagon ya zama wurin da ake rage murya. Za ka ga mace ta taho daga kasuwa da kwando, ta tsaya kallo kawai, sai kwandon ya faɗi. Bi Mwanakombo da ke kiransa boka ita ta koma zama a gefen allon da butar gahawa, tana riƙe masu kuka, tana kuma gane mutane fiye da kowa. "Wannan ai Kombo mai gyaran keke ne, 'yarsa tana aure a Pangani, a aika mata." Direban ya yi wata goma sha huɗu yana leƙowa. Ran da ya zo da gwaggonsa ta nuna masa wata doguwar mace mai tsaga a goshi, bai yi kuka ba, sai ya ce, "Ashe hancinta na ɗauko."

Akwai hoto ɗaya da bai hau allo ba. Can wajen ƙarshen aikin wani fim ya fito da hoto guda tak a farkonsa, sauran duk wayam. Namiji ne cikin baƙar kwat da laktaye, zaune a kujera a ƙafar wani gado da Kibwana ya gane. Pereira ne. Hoton ya ɗan karkace, kamar wanda ya ɗauka bai saba riƙe kyamara ba. Babu hannun kowa a kafaɗarsa. Da farin mayafi aka zagaye ƙirjinsa aka ɗaure shi a jikin kujerar. Kibwana ya ga marasa lafiya sun fi ɗari a watannin nan, ya san idon mai sauran numfashi. Wannan ba shi ba ne.

Ya daɗe yana kallo, yana tunanin 'yar tsohuwar nan ita kaɗai a saman bene, tana ɗaga mijinta, tana ɗaura masa laktaye, kafin ta sauka ta gaya wa maƙwabta ya rasu. Ya sa hoton a ambulan zai aika Kanada, sai ya tuna sharaɗinta. Ya bar shi a aljihun tebur. Yayarsa kaɗai ya nuna wa, ita ma ta ce, "Rufe, rufe," ta tofa addu'a.

Ya gama da fim na ƙarshe bayan kusan shekara ɗaya da rabi. Shi ma sabo ne, ba kowa a ciki. Bai sake zuwa Mombasa ba, bai kuma sayi ta zamani ba. Idonsa ya fara rauni, ya ce dama lokaci ya yi. Ya ƙara shekara uku yana zama a bakin shagon, yana gadin allon, sannan ya rasu a watan azumi, bayan gajeriyar jinya. Mutanen da suka raka shi sun ba kowa mamaki, har daga Muheza da Pangani aka zo, mafi yawansu ba su taɓa tsayawa gaban kyamararsa ba.

Fuska bakwai ne suka rage a allon, ba wanda ya taɓa cewa nasa ne. Wani tela ya kama shagon, ya yi fenti, ya cire su ya zuba a kwali ya tura ƙarƙashin tebur. Bayan mako guda aka ga ya mayar da su, kowanne a inda yake. Abokansa suka yi ta tsokanarsa, suna tambayar ko kwastomomi ne. Ya ce su dai bar maganar. Har yanzu in ka bi ta Titi na Tara za ka gan su a saman keken ɗinkinsa, kuma duk safiya yana goge musu ƙura kafin ya zare allura.